Shin Ko Kun San? Yadda Aka Mayar Da Masu Gida Baƙi A Ostireliya

Shin ko kun san a ƙasar Ostireliya, in ka tara mutum huɗu da wuya ka rasa ɗaya wanda a ƙasar waje aka yanke masa cibiya? Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna kashi 27.6 cikin ɗari na mazauna ƙasar a waje aka haife su, kusan rabin jama'a kuwa ko uwa ko uba daga wata ƙasa ya zo. Ga 'yan Indiya, ga 'yan Sin, ga Larabawan Labanon, ga 'yan Girka da Biyetnam da Sudan ta Kudu. Harsuna sama da 300 ake yi a gidajen ƙasar, kuma da wannan gwamnati ke bugun ƙirji tana cewa ƙasarta ta kowa ce. Amma masu ƙasar na ainihi, wato 'yan Aborijin da mutanen tsibiran mashigin Torres, mutum 812,728 aka ƙirga a waccan shekara, kashi 3.2 cikin ɗari kacal. Adadinsu ya zo kusan kai ɗaya da na Musulmin ƙasar.

Ko kun san waɗannan mutane sun haura shekara 50,000 a wannan ƙasa? Wasu masana da suka yi tono a kogon Madjedbebe da ke arewa sun ce abin ya kai 65,000. A kudu kuma, a yankin Budj Bim, ƙabilar Gunditjmara ta gina magudanan ruwa da dutse tana kiwon wani dogon kifi mai siffar maciji tun shekara 6,600 da suka wuce, kafin a aza tubalin dalar Fir'auna a Masar. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2019.

Ko kun san Musulmi sun yi hulɗa da su tun kafin Turawan Ingila su mamaye ƙasar? Masunta daga Makassar, a Indonesiya ta yau, sun yi ta zuwa gaɓar arewa duk shekara suna kamun wata halittar teku da 'yan Sin ke saye da tsada, suna musanya tufafi da wuƙaƙe da taba da ƙabilar Yolngu. Su ci kasuwa su koma gida, ba su taɓa cewa ƙasar tasu ce ba. Gwamnatin Turawa ce ta kashe wannan fatauci a 1907.

Lokacin da Bature ya iso, harsuna fiye da 250 ake yi a ƙasar. Yau kimanin 120 suka rage, kuma waɗanda yara ke tashi da su a baki ba su kai 20 ba.

Shin ko kun san da fursunoni aka kafa mulkin mallakar? James Cook ya ayyana gaɓar gabas a matsayin mallakin Sarkin Ingila a 1770. Ranar 26 ga Janairun 1788 Arthur Phillip ya sauka a Sidni da jiragen ruwa 11, ɗauke da fursunoni sama da 700 da gidajen yarin Ingila suka rasa inda za su kai. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nan, cutar agana ta ɓarke ta kashe wajen rabin mutanen da ke kewayen Sidni. Masana na ƙiyasta cewa a 1788 masu ƙasar suna tsakanin 300,000 da miliyan ɗaya. Zuwa shekarun 1920 ba su kai 100,000 ba.

A nan ya kamata mu fahimci wani abu, mu da muka san mulkin Lugga. Baturen da ya ci Kano da Sakkwato a 1903 haraji da gyaɗa da kuza suka kawo shi, da lokaci ya yi ya naɗe tutarsa a 1960 ya tafi. Wanda ya je Ostireliya da matarsa da tumakinsa ya je, ƙasar yake so, mutanen cikinta kuwa cikas ne gare shi. Shi ya sa a can babu ranar da aka sauke tuta. Har gobe tutar Birtaniya na nan a kusurwar tutar ƙasar, kuma Sarki Charles ne shugabanta.

Ko kun san dokar Turawa ta ɗauki ƙasar a matsayin dajin da ba shi da mai shi? A 1835 wani mai suna John Batman ya yi wata takardar ciniki da dattawan yankin da ya zama Melbourne, ya ba su barguna da gatura da gari. Cuta ce, ba shakka, amma ko ita Gwamna Richard Bourke soke ta ya yi, domin amincewa da ita na nufin mutanen suna da ƙasar da za su sayar. A maƙwabciyarsu Niyu Zilan, Turawa sun ƙulla yarjejeniyar Waitangi da sarakunan Maori a 1840. A Ostireliya a wancan zamanin ko wannan ba a yi ba.

Kada a ɗauka sun miƙa wuya ne salin-alin. Pemulwuy ya shafe shekara 12 yana yaƙar Turawa a kewayen Sidni, har aka harbe shi a 1802 aka yanke kansa aka aika Ingila. Haka aka yi wa Yagan a yamma a 1833. Sai a 1997 zuriyar ƙabilarsa suka je Libaful suka karɓo kan.

Shin ko kun san ranar 10 ga Yunin 1838, a wani wuri da ake kira Myall Creek, wasu Turawa makiyaya suka tarar da mata da yara da tsofaffi a sansaninsu, suka ɗaure su da igiya ɗaya, suka ja su bayan tudu suka karkashe aƙalla mutum 28, sannan suka cinna wa gawarwakin wuta? A shari'ar farko an sallami waɗanda ake tuhuma. Sai a zama na biyu aka samu bakwai da laifi, aka rataye su a watan Disamba. Abin da ya sa ake tuna Myall Creek shi ne an yi hukunci, domin hakan bai cika faruwa ba. Masu bincike a Jami'ar Newcastle, ƙarƙashin Farfesa Lyndall Ryan, sun tattara wuraren kisan kiyashi fiye da 400 tsakanin 1788 da 1930, inda aka kashe sama da mutum 10,000. Na Coniston a 1928 aka yi shi, shekarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga Kwalejin Katsina. Ɗan sanda George Murray ya jagoranci kisan, hukuma ta amsa cewa mutum 31 aka kashe, kwamitin bincike kuma ya ce kare kai ne.

A tsibirin Tasmaniya kuwa, a 1830 Gwamna George Arthur ya jera mutum wajen 2,200 sahu guda suna kutsawa daji don su koro masu ƙasa. Mutum biyu suka kama. Daga baya aka lallashi waɗanda suka rage aka kai su tsibirin Flinders, inda cuta ta cinye yawancinsu. Wata mata mai suna Truganini ta roƙa kafin rasuwarta a 1876 kada a yayyanka gawarta. Aka tono ƙasusuwanta, aka baje su a gidan tarihi daga 1904 zuwa 1947 jama'a na kallo. Sai da ta cika shekara ɗari da rasuwa aka zuba tokarta a teku.

Ko kun san cikin dokokin farko da majalisar tarayya ta yi a 1901 har da ta hana duk wanda ba farar fata ba shiga ƙasar? Ba a rubuta launi a dokar ba, sai aka fake da shifta. Jami'in shige da fice zai karanta maka kalmomi 50 cikin kowane harshen Turai da ya ga dama, in ka kasa rubutawa a juya da kai. A 1934 da aka so hana wani ɗan jarida, Egon Kisch, wanda ya iya harsunan Turai da dama, shiga ƙasar, sai aka yi masa shiftar da harshen Gaelic na tsaunukan Sikotland. Dokar zaɓe ta 1902 kuma ta ba matan Turawa ƙuri'a, a lokaci guda ta hana 'yan asalin Ostireliya da na Asiya da na Afirka.

Wannan manufa ta "Ostireliya ta farare" ta taka har waɗanda suka gina ƙasar da guminsu. Musulmi masu raƙuma daga Afganistan da yankin Pakistan na yau su suka yi dakon kayan layin waya da na dogo cikin hamada tun shekarun 1860, su suka gina masallacin Adelaide a ƙarshen shekarun 1880, wasunsu suka auri matan Aborijin. An hana su zama 'yan ƙasa. Mutanen tsibiran tekun Fasifik da aka kwaso, wasu da yaudara wasu da ƙarfi, don noman rake a Queensland, daga 1906 aka shiga tasa ƙeyarsu. Sai a 1973 gwamnatin Gough Whitlam ta binne manufar baki ɗaya.

Shin ko kun san daga wajen 1910 zuwa 1970 hukuma na da ikon raba uwa da ɗanta ba tare da ta yi laifin komai ba? Wannan shi ne abin da ya fi sosa mini rai a duk tarihin nan. An fi farautar yaran da ke da jinin Bature, da nufin a rene su cikin Turawa, a aurar da su ga farare, har baƙin ya wanke. Rahoton da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta fitar a 1997 ya ce tsakanin yaro ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku aka ƙwace. Iyaye mata kan shafa wa 'ya'yansu gawayi don su yi duhu in an ji ƙarar motar 'yan sanda. A gidan Cootamundra ana koya wa 'yan mata wanke-wanke da shara a tura su aikatau gidajen Turawa. A gidan Kinchela da lamba ake kiran yara maza, ba da suna ba. Wasu an ce musu iyayensu sun mutu alhali suna raye suna nemansu.

A 1931 aka ɗauke wasu 'yan mata uku daga Jigalong, Molly mai shekara 14 da 'yan uwanta Daisy da Gracie, aka kai su sansanin Moore River. Ba su daɗe ba suka gudu. Molly ta san akwai wani dogon shingen waya da Turawa suka kafa don tare zomaye, kuma ya bi ta garinsu, saboda haka suka neme shi suka bi gefensa. Mako tara suna tafiya a ƙasa, kimanin kilomita 1,600, nisan da ya zarce Kano zuwa Legas nesa ba kusa ba, masu bin sawu na biye da su. An kama Gracie a hanya, biyun suka isa gida. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bayan shekara tara an sake mayar da Molly can, wannan karon da 'ya'yanta mata biyu. Ta sake guduwa ta bi hanyar ɗauke da ƙaramar, Annabelle, ta bar babbar, Doris. Daga baya hukuma ta zo ta ƙwace Annabelle, kuma Molly ba ta sake sa ta a ido ba har ta rasu a 2004. Doris Pilkington ce ta girma ta rubuta labarin, aka yi fim ɗinsa a 2002.

Firayim Minista John Howard ya ƙi neman gafara duk tsawon mulkinsa na shekara 11. Magajinsa Kevin Rudd ne ya tashi a majalisa ranar 13 ga Fabrairun 2008 ya nemi gafarar a madadin ƙasa.

Ko kun san har albashinsu hukuma ke riƙewa, wai tana adana musu? Dubbai sun yi aiki shekara da shekaru ba su ga kuɗin ba. A 2019 jihar Queensland ta yarda ta biya dalar Ostireliya miliyan 190, bayan da yawa daga masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Ranar 23 ga Agustan 1966 Vincent Lingiari ya jagoranci 'yan ƙabilar Gurindji wajen 200 suka bar gidan kiwon shanu na Wave Hill, mallakin attajiran Vestey na Ingila. Da farko an zaci yajin aikin neman ƙarin albashi ne. Da aka yi musu tayin ƙari suka ce ƙasarsu suke so. Shekara tara suna zaman jira, har ranar 16 ga Agustan 1975 da Whitlam ya je da kansa, ya duƙa ya ɗebi jar ƙasa ya zuba a tafin hannun tsoho Lingiari.

Shin ko kun san Birtaniya ta gwada bamabaman nukiliya a ƙasarsu? Biyu a Emu Field a 1953, bakwai a Maralinga a 1956 da 1957. Wani yaro mai suna Yami Lester ya ga baƙin hazo ya rufe sansaninsu, mutane suka kama amai da ciwon ido, shi kuma ya makance, daga baya ya yi ta fafutukar neman a yi bincike. Mu ma mun san irin wannan raini. Faransa ta tashi nata bam ɗin a Reggane cikin Sahara a 1960, abin da ya sa Najeriya ta kori jakadanta a Janairun 1961. Najeriya ta iya korar jakada domin tana da gwamnatinta. Mutanen Maralinga a lokacin ko cikin ƙidaya ba a lissafa su.

E, haka ne. Sashe na 127 na tsarin mulki ya hana a sa su cikin lissafin jama'ar ƙasa. Sai a 1962 suka samu cikakken ikon jefa ƙuri'ar tarayya, sannan ranar 27 ga Mayun 1967 kashi 90.77 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince a soke wancan sashe. Akan ji ana yaɗawa wai kafin nan doka ta jera su cikin dabbobi da tsirrai. Ba a taɓa yin irin wannan doka ba, kuma gaskiyar abin da aka yi ta isa muni ba sai an ƙara mata gishiri ba.

Ku dubi Albert Namatjira, mai zanen da sunansa ya kai har fadar Sarauniyar Ingila. A 1957 aka cire shi daga ƙangin dokokin da suka ɗaure sauran danginsa, aka ba shi 'yanci irin na Bature. Shekara ɗaya bayan nan aka yanke masa ɗauri saboda barasar da doka ta halatta masa ta shiga hannun ɗan uwansa da doka ta haramta wa. Ya rasu a 1959.

Ko kun san mai kula da lambu ne ya rusa ƙaryar "dajin da ba mai shi"? Eddie Mabo, ɗan tsibirin Mer, yana aikin lambu a Jami'ar James Cook, sai wata rana cikin hira wasu malaman tarihi suka gaya masa cewa a doka gonar kakanninsa ta gwamnati ce. Ya shigar da ƙara a 1982. Shekara goma ana shari'a, ciwon daji ya kashe shi a Janairun 1992, kotun ƙoli ta ba shi gaskiya ranar 3 ga Yuni, alƙalai shida cikin bakwai. To amma dokar da ta biyo baya a 1993 ta ce sai ƙabila ta tabbatar alaƙarta da ƙasar da al'adunta ba su yanke ba. Ke nan wanda aka fi kora da tarwatsawa shi ya fi rasa hujja. Haka ƙabilar Yorta Yorta ta faɗi a kotu a 2002. A ganina wannan zalunci ne a kan zalunci.

A watan Mayun 2020 kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya sa nakiya ya tarwatsa kogunan Juukan, inda mutane suka zauna tun shekara 46,000, don ya faɗaɗa haƙar tama. Cikin abubuwan da aka taɓa tonowa a wurin har da wata tufkar gashin mutum mai shekara 4,000, wadda bincike ya danganta da masu ƙasar na yau. Doka ta ba kamfanin izini. Shugabansa ya rasa kujerarsa, kogon kuwa ya tafi ke nan.

Ko a filin wasa ba su tsira ba. Duk ƙasar ta yi murna da Cathy Freeman ta ci zinare a tseren mita 400 a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Amma da wata 'yar kallo ta kira ɗan wasa ɗan Aborijin Adam Goodes biri a 2013 ya nuna ta ga masu gadi, sai 'yan kallo suka sa shi gaba da ihu fili bayan fili har ya ajiye wasa a 2015. Hukumar wasan ta nemi gafararsa a 2019.

Shin ko kun san mutanen da ba su kai kashi 4 cikin ɗari na jama'a ba su ne sama da kashi ɗaya bisa uku na manyan fursunonin ƙasar, kuma fiye da rabin yaran da ke tsare? A yawancin jihohi ana iya gurfanar da ɗan shekara 10. Kwamitin da ya binciki mutuwar mutum 99 a hannun hukuma ya ba da shawarwari 339 a 1991, amma daga lokacin zuwa yau sama da 500 sun sake mutuwa a tsare. Ɗan Aborijin kan rasu kimanin shekara takwas kafin sauran 'yan ƙasa.

Ranar 26 ga Janairu, ranar da Phillip ya sauka a Sidni, hutu ce ta murnar ƙasa. Tun 1938 'yan gwagwarmayar Aborijin William Cooper da Jack Patten da William Ferguson suka ayyana ta ranar makoki, yau kuma dubban mutane kan fito tituna suna kiranta ranar mamaya, suna cewa ƙasar ta Aborijin ce tun fil'azal kuma haka za ta dawwama.

A 2017 wakilansu suka taru a gindin dutsen Uluru suka miƙa buƙata: a kafa musu majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki, wadda ba ta da ikon yin doka ko hana ta, ta dai faɗi ra'ayinta kan abin da ya shafe su, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An kai maganar ƙuri'ar raba gardama ranar 14 ga Oktoban 2023. A ƙauyukan arewa inda 'yan Aborijin suka fi yawa, masu cewa e ne suka yi rinjaye. A ƙasa baki ɗaya kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a, kuma babu jiha ko ɗaya cikin shida da ta amince. Har yau tsarin mulkin Ostireliya bai ambaci masu ƙasar ba, gwamnatin tarayya kuma ba ta ƙulla yarjejeniya da su ba.